Burodin Jiya a Gidan Kapitan

"Burodin jiya za ki soya ma baƙina?" Kapitan Yari, sojan da aka ɗora bisa garin Malanville, ya buga tebur. "Kawo sabo! Ki jiƙa shi sosai cikin ƙwai da madara, ki ƙara wuta. Haka akan yi shi a Faris."

Sabuwa, tsohuwar kukun gidan, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Sabo caɓewa yake, ranka shi daɗe. Ya sha ƙwai da yawa, ciki ɗanye. Wuta ta yi yawa, baya ya ƙone. Ba ni ɓata girkina."

"Kin san gidan kaso?"

"Na san shi. Kai ma na san ka."

Baƙin, manyan ma'aikatan duwan masu karɓar kuɗin fito daga garin Gaya, suka iso bakin ƙofa.

Sabuwa ta ci gaba. "Ba Faris ka fara cin abin ga ba. Bayan madafin ga ka ci shi, shekara ukku, kana gadin ƙofar kumandan Nasara. Ragowar farantinai nike aje maka."

Ta miƙa mai yanka guda, yana tururi.

"Kullum burodin jiya ne, kuma har yatsu kake lashewa."