Garin Zinariyar da Aka Ce a Zubar

Ka ce sun raina aikinka, za ka tattara shi ka ajiye. To, kafin ka tashi, saurari wannan.

An yi wata mata mai bincike a wata jami'a, uwar 'ya'ya uku, ta shekara huɗu tana neman digirinta na ƙarshe. Akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda duk abu mai zafi ko ɗumi yake fitarwa, daga garwashi har jikin ɗan Adam. Aikinta shi ne ta haɗa abin da zai gan shi. Takan shimfiɗa garin zinariya a kan wani ɗan faranti da bai fi farce ba, gari mai laushin da ko an jera ƙwayoyinsa ɗari ba za su kai kaurin silin gashi ba. In hasken ya sauka, ƙwayoyin su kama shi su tara, farantin ya mai da shi lantarki, allurar awo ta motsa. Babban malaminta yana da doka guda: ƙwayoyin su fito kai ɗaya, kamar geron da aka tankaɗe. Nata kuwa suka fito barkatai, wasu dunƙule, wasu dogaye kamar shinkafa, wasu da tsini. Malamin ya leƙa ta madubin ƙara girma sau ɗaya, ya ce wannan shara ce, a zubar, in ba haka ba ya cire sunanta daga masu zuwa gaban alƙalan jarrabawa. Abokan karatunta suka ba ta shawara ta bi, tunda ba a ja da mai riƙe da alƙalami. Amma ita ta riga ta ga abin da ba su gani ba. Ta lura kowane girman ƙwaya da irin hasken da yake amsawa, don haka faranti mai ƙwaya iri ɗaya kunne ɗaya gare shi, nata kuwa kunnuwansa ba su ƙirguwa. Ta tsaya a ƙofar ofishinsa ta ce, "Ranka ya daɗe, a kore ni in an ga dama. Amma ba zan zubar ba sai an gwada shi a gaban mutane."

Ya yarda, don yana so ta ji kunya a bainar jama'a. Ranar da alƙalai suka zo, aka ajiye farantinsa da nata a kan teburi ɗaya, kowanne da allurarsa. Aka kawo ƙarfen da aka gasa ya yi ja, allurorin duka biyu suka harba. Aka kawo kofin shayi mai tururi, allurarsa ta tsaya cik kamar an dasa ta, tata ta ɗaga. Malamin ya ce ai iskar fanka ce ke kaɗa ta, aka kashe fanka, allurar ba ta sauka ba sai da aka ɗauke kofin. Ransa ya ɓaci, ya miƙa hannu zai ture farantinta gefe. Tun bai taɓa shi ba allurar ta sake tashi, ta ji ɗumin tafin hannunsa. Ya janye, ta kwanta. Ya sake miƙawa, ta sake tashi. Sau uku yana yi, alƙalai na kallo, shi da kansa ya zama shaidar abin da ya kira shara. Matar ta gyara mayafinta kawai. Wata tsohuwa cikin alƙalan ta jawo takardar amincewa da digirin matar ta sa hannu, ta tura wa na kusa da ita, har ta zagayo gaban malamin, alƙalami na jiran sa.

Saboda haka koma ka buɗe aikinka, kada ka roƙi kowa ya yaba, ka dai dage a gwada shi. Hausawa sun gama magana tun da daɗewa: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.