Sassaucin da Aka Yi wa Usaini

Tun kafin a fara zaman kotun Dogon Dutsi Alhaji Tukur, babban ɗan kasuwar hatsi, ya kama bencin gaba yana roƙon Allah ya sa tausayi a zuciyar alƙaliya.

Da aka shigo da Usaini, Alhaji ya ƙura masa ido. Direban ya rame, kamar ba shi ne ƙaton nan mai jigilar fasinja zuwa Dogon Kiriya ba. Jandarmomi ne suka tare motarsa a bakin gari, suka zaƙulo kwalayen tramol a ƙarƙashin buhunan gero. Tun daga ranar yake gidan kaso, mai gabatar da ƙara na ta zarya wurinsa da tambaya guda: kayan wa ne? Usaini ya ƙi ambaton sunan kowa. Amma Alhaji ya san kaso, ko dutse ne in ya daɗe a ciki sai ya yi laushi.

Shi ya ɗauko lauya daga Doso. Shi ya tattaro dattawan tasha su zo su shaidi halin direban.

"Ka amsa laifinka?" in ji alƙaliya.

"Na amsa, ranki shi daɗe. Kuma ba wanga karo na fara ba."

Lauya ya dafe kai. Gumi ya karyo wa Alhaji.

Mai gabatar da ƙara ya nemi shekara biyar. Lauya ya miƙe ya ce doka ta ba alƙali wuƙa da nama a kan wanda ya amsa laifi da bakinsa. Ga mata, ga ƙananan 'ya'ya, ba a taɓa kama shi ba. A yi masa sursi, ɗaurin da ba a shiga kaso.

Alƙaliya ta tambayi Usaini ko yana da ta cewa.

"A ɗaure ni," ya ce. "Don Allah kada a dubi iyalina."

Ko sau ɗaya bai kalli bencin gaba ba.

Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce ba kasafai take ganin nadama irin wannan ba, kuma kaso ba zai ƙara masa komai ba.

"Shekara biyu, sursi. Tashi ka tafi gida."

Usaini ya ƙi motsawa. Ya riƙe hannun gandiroba gam, sai da aka ɓamɓare shi. Dattawa suka ce murna ce.

A waje Alhaji ya rungume shi, ya raɗa masa:

"Shiga mota, za a kai ka."

Maza biyu da ke kujerar baya suka buɗe masa tsakiya. Motar ta wuce kwanar unguwarsu Usaini ba ta ko rage gudu ba, ta miƙi hanyar daji.

Sai a lokacin Alhaji Tukur ya yi ajiyar zuciya, domin mutum ɗaya tak da ya san kwalayen nan nasa ne ya fito daga wurin da hannunsa ba ya kaiwa.