Akawu da Kwamfutar da Ta Hana Shi Faifai

Zauna ka ji misali, tunda ka ce roƙon izini yana yi maka nauyi a baki.

An yi wani akawu a wani ofishi, mutum mai gudun raini. Mahaifinsa tsoho ne a ƙauye, idanu sun tafi, ba abin da ke ɗebe masa kewa sai wata rediyo mai cin faifan sidi. Da ƴar akawun ta sauke Alƙur'ani aka ɗauki karatunta a waya, tsohon ya aiko cewa yana son jin muryar jikarsa tun kunnensa na ji. Akawu ya sayi faifai, ya zauna gaban kwamfutar ofis zai ɗora karatun. Manhajar ɗora sauti ta ƙi buɗewa, allo ya ce sai da izinin mai kula da na'urorin, ya nemi kalmar sirri. Ita kuwa mai kulawar sa'ar ƴarsa ta fari ce. Ransa ya sosu. A ganinsa an kulle shi ne don ba a yarda da shi ba, bayan ya yi furfura a wurin. Ya yi ta cankar kalmar sirri, ya kashe ya kunna, har gumi ya jiƙa masa hula. Ga direban motar ƙauyensu da zai kai faifan ya ce da la'asar zai tashi.

Da ya ga rana ta karkata, ya tuna tsohon na can zaune da rediyo a cinya, sai ya haɗiye girman kai ya taka zuwa teburinta. Ta miƙe tsaye ta ce, “Haba Baba, ai da ka yi magana tun ɗazu. Ba don kai aka kulle ba, kowa haka tasa take, saboda mugayen manhajojin da ke cinye aikin mutane.” Ta zo ta sa kalmar, ta buɗe masa ikon ɗora faifai duk ranar da ya so, ta tsaya har na'urar ta turo faifan da ɗuminsa. Ya iske direba yana ɗaure kaya, ya miƙa masa faifan. Washegari ƙanwarsa ta kira shi, ya jiyo karatun yarinyar na tashi a tsakar gida, tsohon yana cewa a sake maido masa daga farko.

Shi ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.