Wutar da Makau Ya Kashe

Makau ya hango hayaƙin tun bai fi zare kauri ba. Hantsi ne, rana ta fara zafi, yana zaune a saman tsohuwar hasumiyar ƙarfe da ma'aikatan gandun daji suka bari kan tudu, can cikin dajin da ke bayan Gwashi. Ya kare ido da tafin hannu. Ba hayaƙin masu gawayi ba ne, nasu kan miƙe shi kaɗai. Wannan a wurare daban-daban ya tashi lokaci guda, a jere, daidai inda iska ke fitowa.

Da gangan aka sa wutar, kuma wanda ya sa ta ya san abin da yake yi.

Makau ya san wuta. A aikin gandun daji ya ƙarar da ƙuruciyarsa, kafin aikin ya mutu ya koma noman gero a Adabka. Saboda wannan sanin ne aka ɗora shi a nan tun da ciyawa ta fara bushewa, ba kuma a nemi shawararsa ba. Kullum a hawo masa da ruwa da ɗan tuwo, shi kuma ya sa ido.

Kusa da shi an rataye wilin mota da guntun rodi. Bugu kaɗan ya isa kowa ya fito. Ya ɗauki rodin, ya riƙe, bai buga ba.

Ya leƙa ƙasa. Ga bukkoki nan a warwatse, babura jingine a gindin marke, shanu a kwari, maza kwance a inuwa, wasu na karta. Babu mai gaishe shi a cikinsu, babu wanda ya taɓa kiran sunansa. In ya yi shiru, kafin su farga wuta ta rufe su gabas da kudu da arewa, ba sauran mafita sai mashigin rafi ta yamma. Ya daɗe yana juya wannan a ransa, har ya ji daɗinsa.

Sai idonsa ya sauka kan bukkar ƙarshe, wadda ke bakin gamba. A nan matarsa Hafiza take, da wasu mata. Kansu wutar za ta fara sauka. Ya san ba za su iya gudu ba, ya kuma san in gudu ya tashi, ba wanda zai waiwaye su.

Ya buga wilin da dukan ƙarfinsa.

Nababa, wanda ke da faɗa a ji a wurin, ya fito yana gyara rawani.

"Kai mai hasumiya, mi ka hango?"

"Wuta ce, ranka shi daɗe. Ga ta nan tafe ta gabas. In ba a tarye ta bakin gamba ba, ba abin da za ta bari."

Wuri ya hargitse. Makau ya miƙe ya kama ƙarfe, ya riƙa ƙwala umarni, kuma yau kowa ya ji maganarsa. Masu adda su sare gamba. Masu fartanya su share ƙasa har ta fito fes, tun daga gindin kanya zuwa kwazazzabo. Sauran su karyo ɗanyun rassan sabara.

Wutar ta zo da ruri kamar babbar mota na hawan tudu. Zomaye da gada suka riƙa ɓullowa tsakanin ƙafafun mutane, shirwa na shawagi a cikin hayaƙi. Ƙarfen hasumiya ya ɗau zafi har tafin hannunsa ya fara tashi, amma bai saki ba. Ya jira har iska ta ɗan lafa, sannan ya ce a kunna tasu wutar daga bakin sharar, ta je ta tarye mai zuwa.

Wutar nan biyu suka haɗu, harshensu ya tashi ya fi marke tsawo. Wani tartsatsi ya tsallake sharar ya faɗa kan rufin bukkar ƙarshe. Makau ya ji ihun mata daga ciki, ya tsinci muryar Hafiza a cikinsu, ƙofa kuwa ba ta buɗe ba. Ya yi ta kururuwa yana nuni har muryarsa ta dushe, kafin wasu suka ruga suka turbuɗe wurin da ƙasa.

Wajen la'asar wuta ta mutu. Gabas duk ta koma baƙi ƙirin, kututtura na fitar da hayaƙi. Ko akuya ba a rasa ba.

A lokacin ne ya juya yamma. A mashigin rafi, inda duk mai gudun wutar zai bi, mutane na tasowa daga cikin duhuwa, ɗaya bayan ɗaya, suna juyawa kai a sunkuye. Tun safe suke kwance a wurin, suna dakon waɗanda wutar za ta koro. Na ƙarshensu ya tsaya ya daɗe yana kallon hasumiyar. Makau ya gane tsayuwar. Bai taɓa rodin ba.

Tsani ya motsa. Nababa ne da kansa ya hawo, fuskarsa duk toka, yana dariya, riƙe da tsokar nama a cikin ganye.

"Aradu yau ka yi aiki, dattijo. Amshi, ka ci."

Makau bai miƙa hannu ba. Idonsa na kan ƙaninsa Surajo, wanda shi da kansa ya koya wa jera wuta, yana bin bayan mazan Adabka za su koma gida ba su ceci kowa ba, yayin da Nababa, ɗan bindigar da ya sato shi da Hafiza daga gonarsu, ya durƙusa yana duba ko sarƙar da ke ƙafar Makau tana nan daram a jikin ƙarfen hasumiya.