Idon Hagun Sauda

Sauda ba ta cin goro. Ba ta ma cin komai a gaban mutane. Tuwonta sai ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Ɗankwalinta kullum takan ja shi har kunne. Mijinta Attahiru ya ɗauka kunyar 'yan Tambuwal ce, wata bakwai da kawo ta Kebbe yana ta yabon abin a majalisa.

Mutum ne mai ƙyama, Attahiru. In ya wuce kuturu a kasuwa sai ya tofar da yawu, ya dawo gida yana ba ta labari yana yamutsa fuska. Ita kuwa sai ta zuba masa ruwan wanke hannu.

Ranar da aka gama ɗaure gero, ƙaninsa Sirajo ya shigo da farin goro, da wasan nan na ƙanin miji. Ya rantse ba zai fita ba sai ta ci a gabansa. Ta ƙi, ya nace, matan gida suka sa baki. Ta gatsa.

Idonta na hagu ya rufe, ya buɗe, a fuskar Sirajo.

Attahiru na bakin rumbu, kuma ya gani. Kashe ido, ga ƙaninsa, a tsakar gidansa! Ya tara gida kaf, ya tsai da su biyun, ya ce ta faɗi abin da ke tsakaninsu. Sauda ta cije haƙora don kada ta yi kuka, idon ya sake rufewa a gaban kowa. Ya kira ta mazinaciya, ya yanka mata saki uku. Ta ɗauki mayafinta ta koma gidansu Tambuwal.

Bayan kwana goma ya kai kayanta Tambuwal, yana jiran a ba shi haƙuri. Yayanta Nu'umanu ya tare shi a zaure, ko tabarma bai shimfiɗa masa ba.

Ya ce, "Kuturta ta kama ta tana yarinya. Ta warke sarai, amma idon ya daina rufuwa. Likita ya jawo naman tauna daga gefen kai ya ɗaure ga fatar idon. In ta tauna ko ta cije, sai ya rufe. Na tambaye ta don mi ba ta gaya maka ba. Ta ce ta ga yadda kake tofar da yawu, gara sunan da ka kira ta."