Gurbin Da Inna Ta Bari

"Tsarina ba ya kuskure, Raliya," in ji Manzo, wanda ya tsara wa na'ura rajistar masu karɓar agaji. "Duk takardar da aka bar gurbi a cikinta, na'ura ta jefar. Haka na rubuta."

Raliya, wadda aka aiko garin Tanut ta binciki tsarin rabon hatsin agaji na farin 1984, ta turo masa tulin takardu.

"Mata ɗari uku da mazansu suka rasu, ko tiya ba su samu ba. Gurbi ɗaya suka bari, sunan babban ɗa."

"To me ya hana su faɗa?"

"Kai Manzo, birni ya cinye ka! Wace uwa ce a nan ƙasar Damargu za ta kama sunan ɗan farinta?"

Ya soma juya takardun. Ga wata daga garinsu Ollelewa: Zalika Mailafiya, innarsa da aka binne bara, aka ce masa zazzaɓi ne. A gefe mai rajista ya rubuta: "An tambaye ta sau uku. Ta sunkuyar da kai tana murmushi."

Shi ne ɗan farinta.

"Sa sunana a rahotonki," ya ce. "Yau zan goge gurbin nan, gobe in tafi kabarinta neman gafara."