'Yan Kokawar Babana

Tun da ɗana ya rasu, jikana ya duƙufa kan wani wasa a waya, wai shi ne kocin 'yan ƙwallo, ya sayi wannan, ya ajiye wancan a benci. Uwarsa tana so ta ƙwace wayar. Na ce mata kul, ni na san wannan abin tun babu waya.

Ina yarinya a Jiwa innata ta rasu, Baba ya daina cin abinci. Wata la'asar na kai masa tuwo, na same shi a gindin kaɗanya ya jera ƙwallayen kaɗe a ƙasa. Kowanne da sunansa, wai 'yan kokawa ne. Har yau ina jin tsamin ruɓaɓɓun 'ya'yan itacen nan a hancina.

Ya ce, "Uwata, gwanina ya yi targaɗe. Wa za mu saka gobe?"

Na nuna wani ɗan tsamurmuri.

"Wannan? Ai iska ma sai ta kayar da shi!"

Na ce ai wayo gare shi. Muna ta gardama, sai ga hannun Baba cikin akushi. Na yi kamar ban gani ba, na jawo wani sabon musun.